Yadda Za Ka Tanadi Wurin Rubuta Gajerun Bayanai a Intanet Ba Tare da Sun Ɓace Maka Ba

Mafi yawan abubuwan da mutum ke buƙatar rubutawa a yini ba su wuce layi biyu ko uku ba: lambar asusun da za a tura wa kuɗi, awon rigar da tela ya ɗauka, sunan maganin da likita ya ambata, ranar da malami ya sa za a yi jarrabawar gwaji, ko wani tunani da ya faɗo wa marubuci yana cikin mota. Irin waɗannan bayanai ba sa buƙatar babbar manhaja mai shafuka da ado. Abin da suke buƙata shi ne wurin da zai buɗe nan take, ya karɓi rubutun, sannan ya mayar wa mai shi a ranar da ya neme shi, ko da kuwa wayar da aka yi rubutun a kanta ta lalace ko an sace ta. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi muhimmanci a ganina, kuma shi aka fi yi wa sakaci. Mutane da yawa suna rubutu a ƙaramar manhajar da ta zo tare da wayarsu, wadda sau da yawa ba ta haɗe da kowane asusu, sai ranar da aka kai wayar wurin mai gyara aka yi mata filashin su tarar komai ya tafi. Saboda haka matakan da ke tafe an jera su ne a kan manufa biyu tare: saurin rubutawa, da tabbacin samun abin da aka rubuta.

Mataki na farko: zaɓi manhaja ɗaya, ka tsaya a kanta

Ga mai wayar Android, wadda ita ce a hannun yawancinmu, zaɓin da ya fi sauƙi shi ne Google Keep, wadda kamfanin Google ya fitar a watan Maris na 2013. Kyauta ce, tana amfani da asusun Gmail ɗin da tuni yake kan wayar, kuma ana iya buɗe ta a kwamfuta ta adireshin keep.google.com. Tana karɓar rubutu, da jerin abubuwan da ake yi wa alama idan an kammala, da hoto, da murya. A kan waya tana aiki ko babu data, sai ta aika da abin da aka rubuta zuwa asusun da zarar sabis ya dawo. Da ita za a yi misali a sauran matakan, domin ita mafi yawan masu karatu za su iya gwadawa yau ba tare da buɗe sabon asusu ba.

Wanda ba ya son komai sai rubutu zalla, zai ji daɗin Simplenote, wadda tun 2013 take mallakin kamfanin Automattic mai tafiyar da WordPress.com. Ba ta karɓar hoto ko murya, don haka ba ta da nauyi, kuma tana ajiye tarihin kowane rubutu ta yadda za ka iya komawa ga yadda yake kafin ka goge wani sashe bisa kuskure. Standard Notes kuwa, wadda kamfanin Proton na ƙasar Siwizalan ya saya a 2024, tana kulle rubutu tun a kan wayarka kafin ya tafi intanet, ta yadda ko kamfanin kansa ba ya iya karantawa. Wannan kariya tana da farashi: idan ka manta kalmar sirrinka, babu wanda zai iya buɗe maka. Masu iPhone suna da manhajar Notes ta Apple wadda ke ajiya a iCloud, kuma tana da kyau ƙwarai, sai dai ba ta da manhaja a Android, abin da ya kamata mai shirin sauya waya ya sani tun da wuri. OneNote ta Microsoft ta fi dacewa da ɗalibin da ke tara darussan zango guda a littattafai da sassa, amma ta yi girma ga wanda kawai yake so ya rubuta lambar mota kafin ta wuce.

Akwai darasi a abin da ya faru da Evernote, wadda ta daɗe tana kan gaba a wannan fanni. A watan Disamba na 2023, bayan kamfanin Bending Spoons na Italiya ya saye ta, an taƙaita masu amfani da ita kyauta ga rubutu 50 da littafi ɗaya. Duk manhajar da ka zaɓa, sharuɗɗanta na iya canjawa, kuma wannan ne dalilin da ya sa mataki na ƙarshe a wannan jagora ya zama dole.

Hanyoyi biyu da jama'a suka saba da su suna buƙatar gargaɗi. Ta farko ita ce tura wa kai saƙo a WhatsApp, wanda aka samar tun ƙarshen 2022. Yana da sauri, amma ba a iya tsara abin da ke ciki, kuma idan ba a kunna ajiyar saƙonni a Google Drive ba, rubutun zai tafi tare da wayar. Ta biyu ita ce shafukan intanet da ke ba ka farin fili ka yi rubutu ba tare da rajista ba. Wasunsu a cikin burauzar kwamfutar suke ajiye rubutun, don haka ranar da aka share tarihin burauzar ya shafe; wasu kuma suna ba rubutun adireshi ne wanda duk wanda ya samu zai iya karantawa. Suna da amfani ga abin da za a kwafe a zubar cikin minti biyar, ba ga abin da za a nema a mako mai zuwa ba.

Abin da ya fi zaɓin kansa muhimmanci shi ne ka tsaya a wuri ɗaya. Wanda ya raba bayanansa tsakanin WhatsApp da manhajar waya da bayan rasidi, ranar nema sai ya fara tuna inda ya rubuta kafin ya tuna abin da ya rubuta.

Mataki na biyu: tsare asusun kafin ka rubuta komai

Rubutun da ke Google Keep ba a wayarka yake zaune ba, a asusunka na Google yake, saboda haka wanda ya rasa asusun ya rasa rubutun. Matsalar da ta zama ruwan dare ita ce, mutane da dama a shagon da suka sayi waya aka buɗe musu Gmail, ba su san kalmar sirrin ba, wani lokaci ma lambar mai shagon ce a matsayin lambar dawo da asusu. Idan haka naka yake, gyara wannan shi ne aikin farko.

Ka shiga myaccount.google.com, ka buɗe sashen tsaro, ka duba abubuwa uku. Na ɗaya, ka tabbatar ka san kalmar sirrin da kanka, idan kuwa ba ka sani ba ka canja ta yanzu da wayar take hannunka kuma asusun yake buɗe. Na biyu, ka duba lambar waya da adireshin imel na dawo da asusu, ka tabbatar naka ne kuma layin yana aiki. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin sadarwa na iya sayar wa wani, kuma saƙon tabbatarwa wurin sabon mai layin zai je. Na uku, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, sannan ka nemi lambobin ko-ta-kwana da Google ke bayarwa guda 10, ka rubuta su a takarda ka adana a gida. Kada ka ajiye waɗannan lambobi a cikin Keep ɗin kanta, domin ranar da za ka buƙace su ita ce ranar da ba za ka iya buɗe ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka kuma sani cewa tun Disamba na 2023 Google na da ikon goge asusun da aka shekara 2 ba a shiga ba. Wanda yake da asusu fiye da ɗaya, ya yi rubutunsa a wanda yake amfani da shi kullum.

Mataki na uku: sauke manhajar, ka gwada ta da idonka

Ka sauke Google Keep daga Play Store ko App Store idan ba ta zo da wayar ba. Ka buɗe ta, ka dubi hoton da ke kusurwar sama ta dama don ka tabbatar asusun da ka tsare ɗazu ne a kai. Ka danna alamar ƙari da ke ƙasa, ka rubuta kalma ɗaya, ka koma baya. Babu maɓallin ajiyewa, domin da kanta take ajiyewa.

Daga nan sai gwajin da bai kamata a tsallake ba. Ka buɗe keep.google.com a wata na'ura dabam, ko a burauzar wayar taka, ka shiga da asusun nan, ka ga ko kalmar ta bayyana. Idan ba ta bayyana ba, mafi yawan lokuta an kashe daidaita bayanai ne a saitin wayar, ko kuma tsarin tsimin data ko na batir ya hana manhajar aiki a bayan fage. Sai ka shiga saitin waya, sashen asusu, ka kunna wa Keep daidaitawa. Idan a kwamfutar ofis ko ta shagon intanet ka yi gwajin, kada ka tashi sai ka fita daga asusun.

Mataki na huɗu: rage tazarar da ke tsakanin tunani da rubutu

Idan sai ka buɗe waya, ka laluba cikin manhajoji arba'in, ka jira ta buɗe, to wanda ke karanto maka lamba ya riga ya gama. Ka danna wani fili a fuskar wayar ka riƙe, ka zaɓi ƙananan allunan da ake ɗorawa a fuska, ka jawo na Keep. Daga nan taɓawa ɗaya za ta buɗe maka sabon rubutu ko jeri ko makirfo. A kwamfuta kuwa, rubuta keep.new a wurin adireshi yana buɗe sabon shafi kai tsaye, kuma idan kana cikin shafin Keep, harafin c yana fara sabon rubutu, alamar / kuma tana kai ka wurin bincike.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin aiki guda. A saitin Gboard, wato allon rubutu na Google, ka shiga sashen harsuna ka ƙara Hausa. Bayan haka danna k ko d ko b ka riƙe zai fito maka da ƙ da ɗ da ɓ, haka ma ƴ ga masu bin ƙa'idar rubutu ta Nijar, kuma allon zai daina mayar maka da kalmomin Hausa zuwa Turanci da sunan gyara. Tun watan Oktoba na 2024 Google ya sanya Hausa cikin harsunan da makirfon Gboard ke mayar da maganarsu rubutu. Wannan babban sauƙi ne ga wanda hannunsa ke cikin aiki ko wanda bai saba da rubutun boko sosai ba, amma dole a sake karanta abin da ya fito, musamman sunaye da adadin kuɗi. Makirfon da ke cikin Keep ɗin kanta yana da fa'ida ta daban: yana ajiye muryar tare da rubutun, ta yadda idan rubutun ya fito a karkace za ka iya sauraren abin da ka faɗa.

Mataki na biyar: rubuta yadda za ka iya ganowa

A nan ne yawancin bayanai ke mutuwa, ba a wurin ɓatan waya ba. Mutum zai rubuta “45,000 Talata” yana da yaƙinin ba zai manta ba, bayan wata biyu ya tsaya yana kallon rubutun bai san ko bashi ake bin sa ko shi ke bi ba, bai kuma san wace Talatar ba ce. Ƙarin kalmomi biyar a lokacin rubutawa sun isa su hana wannan. Ga yadda mai shagon kayan masarufi zai rubuta abu ɗaya ɗin: a wurin take ya sa “Bashi: mai shayin bakin tasha”, a ƙasa kuma ya rubuta “Katan ɗin madara 2, sukari rabin buhu. Ya ba da 30,000, saura 45,000, ya ce ranar Talata 14 ga wata.” Duk wanda ya karanta wannan, ko da yaron shago ne, ya san wane ne, mene ne, nawa ne, kuma yaushe ne. Tela ma haka: take ya zama “Awo” da sunan mai kaya, sannan tsawo, kafaɗa, hannu, wuya, kowanne a layinsa, da ranar da aka yi alkawarin karɓa.

Ƙa'idar ita ce ka fara take da kalmar da za ka nema da ita, kuma ka riƙe kalma ɗaya ga abu ɗaya. Idan yau ka rubuta “bashi”, gobe “rance”, jibi “ana bi”, bincike ɗaya ba zai tattaro maka su ba. Haka nan haruffa masu lanƙwasa: a wurin na'ura k daban ƙ daban, don haka neman “kudi” ba lallai ya fito da rubutun da aka sa “kuɗi” ba. Ka zaɓi hanya ɗaya ka ɗore a kai, ni kuwa shawarata ita ce a rubuta daidai da ƙa'ida tunda allon rubutun ya sauƙaƙa.

Keep tana ba da damar manna wa rubutu laƙabi, kuma hanya mafi sauri ita ce ka rubuta alamar # a cikin rubutun ka biyo ta da sunan laƙabin. Kada su yi yawa. Huɗu ko biyar sun wadatar da yawancin mutane, misali kasuwa, gida, karatu da lafiya, domin da zarar sun kai ashirin, zaɓen laƙabi ya zama aiki, saurin da ake nema kuma ya tafi. Launuka ma haka suke. Launi ɗaya ga abin gaggawa ya fi amfani a kan bakan gizo.

Mataki na shida: jeri, tunatarwa da rabawa

Don cefane ko kayan da za a saro, ka zaɓi jeri mai akwatuna. Duk abin da ka saya ka taɓa akwatinsa, sai ya sauka ƙasa a soke, saura kuma su tsaya a sama. Idan jerin na kowane mako ne, ba sai ka sake rubutawa ba, akwai umarnin cire dukkan alamomin a cikin ɗigo ukun da ke jikin jerin. Alamar ƙusa tana kafe rubutu a saman shafi, wanda ya dace da abubuwa biyu ko uku da kake dubawa kullum. Alamar ƙararrawa tana sa tunatarwa ta rana da lokaci, kuma duk rubutun da ke ɗauke da alkawari ya kamata a sa masa ita a lokacin da ake rubuta shi, ba daga baya ba. Idan ka ɗauki hoton allo ko takardar da aka buga, Keep na iya ciro rubutun da ke jikin hoton. Ta fi ƙwarewa a rubutun inji a kan rubutun hannu.

Ana iya ƙara wani mutum a kan rubutu ta adireshin imel ɗinsa, abin da ke da amfani ga miji da mata a jerin cefane, ko abokan kasuwanci a lissafin kaya. Sai dai a kula da abu biyu: wanda aka ƙara yana iya gyarawa da gogewa a cikin rubutun, ba kallo kawai yake yi ba, kuma idan mai rubutun na asali ya goge shi, ya ɓace wa kowa. Lissafin kuɗin da ka iya jawo saɓani tsakanin mutane bai kamata ya dogara ga wannan kaɗai ba.

Mataki na bakwai: san abin da ba a rubutawa a nan

Google Keep ba ta da makulli nata, ma'ana duk wanda ya karɓi wayarka a buɗe, ko don ya kira wani ne, zai iya karanta komai. Don haka lambar sirrin katin banki, da kalmar sirrin manhajar banki, da BVN, da hoton katin shaida, ba wurinsu ba ne nan. Ɓarayin waya sun san jama'a na ajiye irin waɗannan a manhajar rubutu, kuma layi tare da waɗannan lambobi a hannu ɗaya ya isa a kwashe asusu. Kalmomin sirri suna da manhajojinsu na musamman irin su Bitwarden. Bayanin da ya shafi sirrin wasu, kamar na majinyata ko na waɗanda lauya ke wakilta, ya fi dacewa da Standard Notes ko rubutun da aka kulle a Notes ta Apple. Ko me ka zaɓa, ka sa wa fuskar wayar makulli mai lamba ko zanen yatsa.

Mataki na takwas: share fili, ka kuma ajiye kwafi a hannunka

Sau ɗaya a mako, a lokacin da ka san kana da natsuwa, ka bi rubutun da suka taru. Wanda aikinsa ya ƙare amma kana iya buƙatarsa wata rana, ka ja shi gefe da yatsa, zai koma ma'ajiya inda ba ya cika maka fuska amma bincike na samunsa. Bashin da aka biya, misali, gara a rubuta masa “an biya” da kwanan wata a tura shi ma'ajiya da a goge shi. Wanda ka goge kuwa kwana 7 kawai yake yi a kwandon shara na Keep kafin ya tafi gaba ɗaya, a Notes ta Apple kuma kwana 30. Rubutun da ya fara tsawo har ya zama maƙala ko rahoto, ka yi amfani da umarnin kwafe shi zuwa Google Docs, domin a can ne za ka samu shafuka da tsarin da dogon rubutu ke buƙata.

Sannan duk bayan wata biyu ko uku ka fitar da kwafin komai. Ka shiga takeout.google.com, ka cire alamar da ke kan dukkan ayyukan, ka mayar da ita a kan Keep kaɗai, ka nemi a haɗa maka. Google zai aiko da saƙo ta imel idan ya kammala, sai ka sauke fayil ɗin da ke ɗauke da kowane rubutu a sigar da burauza ke iya buɗewa, haɗe da hotuna da muryoyin da ka manna. Simplenote da Standard Notes ma kowacce tana da umarnin fitar da dukkan rubutu a cikin saitinta. Ka buɗe fayil ɗin ka duba rubutu biyu ko uku don ka tabbatar suna karantuwa, sannan ka ajiye shi a wurin da ba ya ƙarƙashin asusun nan ɗaya, kamar kwamfuta ko filashi, kuma ka sa kwanan wata a sunansa domin ka san wanne ne na baya-bayan nan idan sun taru.